Shekarar da Inna Ta Kira Sunana

Akwai wata ƙarya da ta daɗe a gidan nan har ta yi saiwa. Ba ni na shuka ta ba, amma ni na yi ta ba ta ruwa. Ke Zainabu, da kai Bashir, da autarmu Halima, kun tashi kuna jin cewa takarda ce ta hana ni ganin mahaifiyata kafin ta rasu, wai da na fita Amurka a lokacin ba za a bar ni in dawo ba. Na taɓa jin Bashir yana faɗa wa abokinsa haka da Turancinsa mai gudu, abokin ya dube ni da tausayi, ni kuwa na sunkuyar da kai kamar wanda aka zalunta. To, ba haka ba ne. Takarduna sun cika a shekarar. Da su na je Faransa na yi mako uku ina tuƙa keke a tsakanin shanu. Labarin Faransa kun sha shi har ya gundure ku, rasuwar Inna ma kun san da ita. Abin da ban taɓa gaya muku ba shi ne, duka biyun a shekara ɗaya suka faru. Uwarku ta ce ko in rubuta da hannuna ko ta faɗa da bakinta, kuma kun san bakinta. Na zaɓi hannuna, duk da shekara biyu kacal na yi a lakwal, wato makarantar boko, ta biyun ma rabinta a kan mangwaron mushe, malaminmu, na yi ta.

A Tasawa aka haife ni, ni ne ɗan fari. Sana'ata faci ce, a gindin wata bedi kusa da tasha: famfo ɗaya, sifana uku, kwanon ruwa na neman huji, da gwangwanin sholisho. Uwarku kuwa ma'aikaciyar asibiti ce mai karatu. Yadda aka yi ta aure ni babi ne daban, har yau danginta ba su gama bincike ba. Da ta sami ƙarin karatu a Greensboro, wajen ƙarshen shekarun saba'in, sai aka sa ni a cikin kayanta, tsakanin daddawa da busasshiyar kuɓewa, muka taho. Muka kama ɗaki biyu a wani bene a bayan High Point Road, wadda yanzu kuke kira Gate City. Ita ta fita makaranta da safe, ni in zauna ina kallon talabijin ina gyaɗa kai kamar ina fahimta.

Wata rana zaman ya ishe ni, na hau bas na sauka cikin gari, ina tafe a Elm Street sai hancina ya kama ƙanshin gida: roba da baƙin mai. Shagon kekuna ne. A ciki wani dogon tsohon Bature yana fama da ƙafar keke da ta karkace, yana ɗaure wannan waya yana kwance waccan, abin sai ƙara lalacewa yake. Na tsaya na kalle shi har raina ya ɓaci. Ba ni da Turancin neman izini, sai kawai na miƙa hannu. Ya ba ni. Na yi ta kaɗa wayoyin da yatsa ina saurare, kamar mai gyaran gurmi, wadda ta yi sako-sako in ɗaure ta, har ƙafar ta miƙe tana juyawa ba rawa. Sunansa Wolta. Ranar na sami aiki, kuma shi ne daga baya ya yi ta zirga-zirga har takarduna suka daidaita.

Kowace Lahadi Wolta yakan rufe shago ya hau keke ya nufi Summerfield. Da Turancina ya fara tsayawa da ƙafarsa, ya ba ni wani keke siriri mai giya goma ya ce in biyo shi. Na duba bayan keken, babu kariyar ɗaura kaya.

"Me za mu ɗauko?" na tambaye shi.

"Ba komai."

"Wa za mu gani?"

"Ba kowa."

"To ina za mu?"

"Za mu zagaya mu dawo."

Na ƙyale shi don tsoho ne, kuma shi ke ba ni aiki. A garinmu keke jaki ne mai ƙafar roba. Na ɗauki buhun gero a kansa, na ɗauki akuya, na taɓa kai mace mai naƙuda asibiti. Amma a ce ƙato da gemunsa ya yi gumi ya haye tudu don kawai ya gangaro ta ɗaya gefen, wannan a Tasawa sai a fara nema masa rubutu ya sha. Haka na bi shi Lahadin farko ina zagin tuddai a zuci. Lahadi ta uku na daina zagi. Ban san ranar da abin ya shige ni ba. Na dai san akwai wata gangara bayan wata gonar dawaki, inda in ka saki birki iska take cika maka riga, babu wanda ya aike ka, babu wanda yake jiranka. Tun da aka haife ni ban taɓa zuwa wani wuri ba tare da an aike ni ba.

Wolta ya yi soja a babban yaƙin Turawa. An harbe shi a cinya a Faransa, kusa da wani tsohon gari da ake kira Domfront, wata matar manomi ta ɓoye shi a rumbun ciyawa tana jinyarsa har mutanensa suka iso. Shekara kusan arba'in yana cewa zai koma ya zagaya ƙauyukan da keke, ya nemo gonar. A shekarar da nake ba ku labari, Zainabu tana rarrafe, ya ce bana ne ko babu. Yana son abokin tafiya mai gyaran keke kuma mai jin Faransanci. Ni kuwa tun ranar da ya ji daga Nijar nake na bar shi yana zaton Faransanci a bakina kamar ruwan famfo yake. Ya ce shi zai ɗauki nauyin komai, za mu rufe shago mako uku. Na dawo gida ina taku kamar an naɗa ni sarauta.

Ba a yi kwana goma ba kaset ya iso.

Ku ba ku san kaset ba. A lokacin shi ne wasiƙarmu, tunda Inna ba ta karatu, ni ma nawa karatun sai a hankali. Duk ɗalibin da ya je hutu gida sai ya dawo da shi a aljihu. Wannan karon Malam Habu ne ya kawo, wani mutumin Maraɗi mai karatun noma. Bayan la'asar muka sa shi a rediyo, uwarku tana tankaɗe, Zainabu tana jan wayar. Kowa na gidanmu ya yi gaisuwa, ƙanwata Rabi ta ba da labarin wanda ya yi aure da wanda ya haihu. Sai aka miƙa wa Inna.

Dole in tsaya in yi muku bayani, don ku kun tashi a inda uwa take kiran ɗanta da sunansa a tsakiyar kanti har ta sumbace shi. A wajenmu uwa tana kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye in da hali, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Tun ina yaro ni "wancan" ne, ko "yaron nan". In ta dafa abin da nake so sai ta ce da Rabi, "Kai wa wancan, kada ya lalace." A kaset ma da uwarku take magana: "Dije, ina gaishe ki, ki gaida wancan." To ranar ma haka ta fara. Ta gaida Dije, ta sa wa jaririya albarka, ta ce an yi shuka. Sai ta yi shiru. Muna jin kaji, muna jin wata tana daka a maƙwabta. Har na miƙa hannu zan kashe, sai ta ce:

"Iliyasu."

Sannan ta ƙara da cewa:

"Iliyasu, daminar bana in ka sami hali, ka zo."

Shi ke nan, kaset ya ƙare. Uwarku ta ajiye rariya.

"Malam, ka ji?"

"Na ji mana. Tsufa ya fara taɓa Inna, har ta manta da kunya."

"Shekara talatin da shida ba ta manta ba, sai bana?"

"Ba kin ji muryarta ba? Garau take. Wannan matar sai ta binne mu duka."

"Ni asibiti na yi aiki," in ji ta. "Na san masu ciwon da suke ihu, na san waɗanda suke gyara ɗaurin ɗankwali su ce lafiya lau. Ka bar Baturen nan ya je ya nemi gonarsa, kai ka je ka ga uwarka."

"Baɗi za mu je gaba ɗaya, ta ga jikarta."

"Ba jikarta ta kira ba."

Na ɗauki Zainabu na hau yi mata wasa, don a duniya babu abin da na iya kamar kauce wa magana. Amma uwarku ba ta bar ni ba. Washegari da kanta ta je shago, ta gaya wa Wolta komai da Turancinta na makaranta. Tsohon ya goge hannu ya kira ni bayan kanta.

"Jirgin ƙasarku ba ta Faris yake bi ba?"

"Ta can yake bi."

"To ka raka ni mako ɗaya. Sauran biyun ka wuce gida, ni zan ji da tikitin. In ka dawo mu haɗu a filin jirgi."

Kun ga, ƙofa ta buɗe har ƙasa. Sai na ce masa damina ce, hanyar garinmu ba ta biyuwa, mota takan kwana uku a laka. Ƙarya nake yi. Gaskiyar kashi biyu ce, kuma duka biyun ba su da kyan gani. Na farko, a kasetocin da nake aikawa gida na ce a kamfanin injuna nake aiki, har mutanen unguwa sun fara kiran Inna uwar injiniya. Na dubi faratana, baƙin man da na baro Tasawa da shi yana nan. Na ce ba zan sauka a tasha a gaban bedin nan ba, abokaina su kama hannuna su shinshina su ce, "Ilu, ashe har Amurka faci ka je yi?" Na ce sai na ƙara shekara, in sayi mota ko da hoton ta ne. Na biyu kuwa ya fi wannan sauƙi, ya kuma fi shi muni: ina son tafiyar. Wolta ya nuna mini taswira, hanyoyi sirara suna nannaɗe da tuddai kamar taliya, kuma ina son in hau kowace ɗaya. Ban so a rage mini ko kwana ɗaya.

Ranar tafiya uwarku ta haɗa mini kaya, ta sa dambun nama da ta yi da kanta, ta sa sallaya. A can ƙasan jakar na tarar da turmin atamfa da kwalbar man zafi, irin wanda tsofaffi suke shafawa a gwiwa. Ta dai sa, ko Allah zai juyo da ni a hanya.

Domfront a kan dutse yake zaune, da ragowar ganuwa da kangon wata tsohuwar fada, lungunansa matsattsu kamar na cikin birnin Damagaram, sai dai nasu da dutse aka shimfiɗe. Kowace safiya Wolta ya baza taswira a kan teburin masauki, ya zana da'ira da jan fensir, mu fita ta wannan ƙofa mu dawo ta waccan. Ƙasar ba ta san miƙewa ba. Ka hau, ka gangara, ka haye ɗan rafi, ka sake hawa. Gonaki ƙanana, kowace an kewaye ta da shingen itatuwa masu rai, ga itatuwan fiya dogaye sun yi 'ya'ya har suna zuba a kan hanya. Shanunsu suna da baƙin zobe a ido kamar sun sa tabarau, in ka wuce su bi ka da kallo kamar alƙalai. Kowane ƙauye da cocinsa da gidan burodinsa. In azahar ta yi in shimfiɗa sallaya a gefen gona. Wata rana na sallame na ga wani manomi ya kashe tarakta yana jira in gama, ashe a bakin ƙofar gonarsa na tsaya.

Faransancina kuwa ya tonu tun daren farko, ko in ce tun gaisuwar farko. Ni a bakin mushe da jandarma na koye shi, saboda haka duk abin da na iya umarni ne da tsawa. Na buɗe baki zan roƙi matar masauki ruwan zafi, sai na ji kaina ina ce mata, "Kawo ruwa, maza, kada in sake faɗa!" Matar ta dafe ƙirji. Wolta ya ce me ya faru, na ce ai haka suke nuna murna. Da hannu da murmushi muka ƙarasa mako ukun.

Ba zan yi muku ƙarya a nan ba, tunda don gyara ƙarya na zauna. Na ji daɗi. Ban kwana ina juyi ba, ban ga Inna a mafarki ba. Na ci burodi da man shanu, na yi tsere da tsoho a gangara ina ihu da Hausa, shanu suna kallona. Kwanakin nan suna cikin mafi daɗin da na yi a duniya, kuma wannan ne abin da har yau na kasa yafe wa kaina.

A kwana na tara muka sami gonar. Wolta ya gane ta da wata rijiya mai rufin dutse. Matar tana nan da rai, ta tsufa tukuf, tana zaune a bakin ƙofa tana ɓare wake. Ya cire hula ya tsaya. Ta daɗe tana dubansa, sai ta ajiye kwanon, ta nuna cinyarsa, ta kira sunansa yadda bakinta ya iya. Dogon mutumin nan ya durƙusa a gabanta yana kuka kamar yaron goye. Ni ne tafinta, amma ba a nemi aikina ba. Sai da aka kawo kofi ta juyo gare ni, ta yi magana a hankali yadda zan gane. Ta tambayi garinmu, na faɗa. Ta ce uwata tana da rai? Na ce tana nan. Ta ce yaushe rabona da ita? Na ɗaga yatsu biyar. Ta girgiza kai ta faɗi wata gajeriyar magana, wadda ko jakin Tasawa zai fahimta.

"Me ta ce?" in ji Wolta.

"Ta ce bana shanunta sun yi ƙiba."

Da yamma muka koma gari. Akwai sauran kwanaki, tayin Wolta yana nan, atamfa tana ƙasan jaka. Kalma ɗaya ta isa. Maimakon haka na shiga wani ɗan kanti na sayi kati mai hoton garin, da ganuwar da koren tuddai a bayanta. Na zauna na haɗa gumi na rubuta layi biyu da rubutuna mai kama da tafiyar kaza: ina Faransa, lafiya lau, ina gaida Inna. Na jefa a akwatin gidan waya, na ji nauyin ya sauka. Na ce ai ko ba komai za ta ga ɗanta yana yawon duniya. Washegari na hau keke da zuciya fara tas.

Muka dawo Greensboro. Uwarku ta buɗe jakar, ta ciro atamfar da man zafin, ta mayar da su cikin akwati ba tare da ta dube ni ba. Ganye ya fara ja a Summerfield lokacin da Malam Habu ya shigo shago da tsakar rana, ya cire hularsa ya ce in ajiye sifanar in zauna. An bugo waya ofishin malaminsu daga Maraɗi. An yi kwana huɗu da binne ta.

Sai da shekara ta zagayo na je gida, ba mota, ba hoton mota. Babu wanda ya shinshina hannuna. Abokaina suka rungume ni suka yi mini ta'aziyya, ɗaya ma ya kawo kekensa in duba masa birki, ashe duk sun daɗe da sanin aikina, ɗaliban da ke kai kaset sun faɗa. Bayan an watse Rabi ta kai ni ɗakin da na tashi a ciki. An yi masa sabon yaɓe, an zuba farin yashi a ƙasa, ga sabuwar tabarma a naɗe a jingine.

"Wa ya gyara ɗakin nan?"

"Inna ce ta sa, Yaya. Ranar da katinka ya zo."

"Katina?"

"Mushen lakwal ne ya karanta mata. Ya ce ai Faransa rabin hanya ce, jirgin Yamai daga can yake tasowa, wanda ya kai can ya kusa. Ran nan ta sa aka kwaɓa ƙasa. Ta sayi zakara ta ce kada kowa ya taɓa shi. Kullum in lokacin motar Maraɗi ya yi sai ta fito da tabarma ƙofar gida, wai ciki ya yi zafi. Ka san ta, ba ta tambayar kowa komai."

"Har yaushe?"

"Har ƙafarta ta daina kai ta ƙofar."

Na daɗe ina kallon yashin. Sannan na tambayi abin da bai kamata in tambaya ba.

"Ta sake kiran sunana?"

"A'a. Sau ɗayan nan ne. In mata suka ce shiru baƙo bai iso ba, sai ta ce, ku ƙyale wancan, aiki ya yi masa yawa."

Zakaran yana nan a tsakar gida, ja, ya yi ƙaton zanko, yana ta fankama a tsakanin kaji. Ko a sadakar bakwai da ta arba'in ba wanda ya iya sa masa wuƙa. Rabi ta ce tunda mai shi ya zo, yau za a yanka. Na ce a bar shi. Ta ce, "Yaya, ba ni na saya ba, ba kuma ni zan hana ba." Aka yanka, ta dafa shi da yaji da albasa yadda Inna take yi, ta kawo mini cikin ɗakin ta ajiye, ta ja ƙofa ta fita.

Na ci. Ya tsufa, namansa ya yi tauri, na daɗe ina taunawa.